Wutar da Ta Girmi Rumawa

A ɗakin karatu na jami'ar Cluj ta ƙasar Romaniya Horia ya fara ganin Smaranda. Shi ɗalibin asalin kalmomi ne, ita kuwa ta ɗauke ƙamus ɗin da yake nema ta jingina wayarta da shi. Daga roƙon ƙamus zance ya miƙe, har ya je ƙauye gaida iyayenta.

Mahaifinta, Malam Traian, tsohon malamin Latin ne, harshen Rumawa. A wurinsa ko atishawar mutumin Romaniya daga birnin Rum ta zo. Ana cin tuwon masara da cuku, ya nuna murhu.

"Vatră muke ce masa. Kalmar ma gadon Rumawa ce, ko ɗan jami'a?"

Smaranda ta taka ƙafar Horia, amma ina.

"A'a Baba, ba Latin ba ce. Albaniyawa ma suna da irinta."

Tsohon ya ajiye cokali. "Wanda ya ce murhuna na aro ne, ba zai ɗebi wuta a cikinsa ba."

A gidan nan da garwashin murhun uba amarya take hura wutarta ta farko. Kowa ya gane an rufe maganar aure.

Smaranda ta turo masa saƙo: "Masoyina, don Allah ka ce Latin ce mu huta. Octav mai kantin magani, da shi ma yake nemana, kullum yana nan. Ko Baba ya ce da Latin akuya take kuka, sai ya ce haka ne."

Ya amsa: "Tauraruwata, sonki ya hana ni sakat. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Ta yi fushi, ta yi kuka, ta ƙara sonsa.

Ranar Lahadi Horia ya koma.

"Ka zo janye maganarka?" in ji tsohon.

"Na zo ƙarasa ta, Baba. Masana da yawa na ganin kalmar ta riga Latin zama a ƙasar nan. Da Rumawa suka iso, wutar kakanninka suka tarar a hure."

Malam Traian ya dubi murhun.

"Wato su ne baƙin?"

"Su ne, Baba."

"To me ya hana ka farawa da nan, sarkin gardama?"

Ranar biki tsohon da kansa ya ɗauki garwashin a kasko, ya miƙa wa Smaranda, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Allah ya yi muku albarka, ya raya wutar nan." Ya juya ga Horia. "Kai kuma ka riƙa zuwa ran Lahadi. Akwai sauran kalmomi, ban gama da kai ba."