Inda Kujeru Ke Kallo

Ana kiran magariba Yaya ta buga tebur da tafin hannu. Kujerun sun sake juyawa.

Zanen wani ɗakin taro take yi a kwamfuta, aiki na farko da aka ba ta ita kaɗai, kuma ɗan kwangilar ya ce in bai gan shi gobe ba, zai kai wa wani. Abin ba wuya. A manhajar ana dasa ɗigo ɗaya a kan dandamali, sai a umarci kowace kujera ta fuskance shi. Ta dasa, sun fuskanta. Amma rana na faɗuwa sai su fara karkata a hankali, layi bayan layi, har su ba ɗigon baya.

Ta goge ta sake. Ta kashe ta kunna. Gidan ya yi tsit, sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya, shiru, sannan wata.

"Ɗauke min idanunki," in ji ƙanwarta Auta daga kan tabarma, da muryar tsoho mai tari.

"Ba na son iskanci," in ji Umma, don ba wanda yarinyar nan ba ta kwaikwaya, daga mai gyaran famfo har Baba in yana neman hularsa. Ta ɗaga mafici za ta make ta, sai hannun ya tsaya a sama. Idanun Auta ba sa ƙiftawa. Baba ya fita kiran Malam ko takalmi babu.

Malam ya daɗe yana karatu, hayaƙin turare na kwanciya a ɗakin, kafin ya tambaya, "Bawan Allah, me aka yi maka?"

"Tambayi mai zane," in ji aljanin ta bakin Auta. "Ina zaune a filin da za a yi ginin nan tun ba a haifi kakan ɗan kwangilarta ba. Ta zo ta soka min ɗigo a tsakar ɗaki, ta jero min kujeru kamar an kama ɓarawo. Ko hamma na yi ana kallona."

"Ai ba a gina ba," in ji Yaya. "Zane ne kawai."

"A wurinku. Mu a wurinmu har an zazzauna."

"To me kake so ka saki yarinya?" in ji Malam.

"Su kalli ƙofa, duka."

Nan takaici ya fi ƙarfin tsoro. "Haba Baba tsoho," in ji Yaya, "wa zai zo taro ya zauna yana kallon ƙofa? Kuma mai jawabi ai a kanka zai tsaya."

"Mai jawabi ya yi surutunsa ya tafi. Kujera ce ba ta ƙiftawa."

Aka yi ta ja, Malam a tsakiya kamar dillali. Aljani ya ce su kalli bango, Yaya ta ce za ta matsar da ɗigon taƙi ɗaya, har suka tsaya a kamu biyu zuwa hagu. Ta ja ɗigon tana ƙunƙuni. Kujerun suka bi shi, suka tsaya cak. Auta ta yi atishawa, ta sulale a cinyar Umma tana tambayar me ya ƙone.

Ɗan kwangila ya karɓi zane bai ga komai ba, aka gina. Ranar buɗewa ya hau dandamali da babbar riga, ɗaki cike, kowa ya natsu yana kallon gefen kafaɗarsa. Har ya gama jawabi yana waiwaye, yana neman wanda ya tsaya masa a baya.