Kan Lalla Baida

Ranar Asabar da safe, Sufeto Munzir Jalasi bai kai rabin kwanon romon wakensa na lablabi ba, sai ga Sajan Rabah tsaye a kansa.

"Yallaɓai, an cire wa Lalla Baida kai."

Sufeto ya ajiye cokali. Babu wanda ya tashi a garin Sidi Marzuk da bai san Lalla Baida ba. Mutum-mutumin wata mace ce ta farin dutsen marmara, Girkawa suka sassaƙa ta, Rumawa suka kawo ta, aka tono ta a kufan Hanshir Dafla tun zamanin kakanni. Shi kansa Munzir yana firamare aka fara kai su kallonta.

"Wa ya kawo rahoto?"

"Dakta Shadliya, shugabar wurin. 'Yan sandan ƙauyen har sun tsare mai gadi."

"Sun yi sauri," in ji Sufeto. Ya share bakinsa ya miƙe.

Motarsu ta hau tudu ta cikin gonakin zaitun, har ginshiƙan tsohon haikalin Hanshir Dafla suka bayyana. A bakin ƙofa wata motar baƙi tana juyawa, don an rufe wurin.

Dakta Shadliya Riyahi ta tarye su a gaban ƙaramin ɗakin ajiye kayan tarihi. Doguwa ce, furfura ta fara fito mata, idanunta sun yi ja. Mahaifinta, Si Abdulhamid, shi ya riƙe wurin nan kafin ita, har tsufa ya zaunar da shi a gida.

"Si Munzir, ban san da wane ido zan kalli mutanen Tunis ba," ta ce. "Mako mai zuwa masana za su zo su ɗauke ta zuwa baje koli."

"Yaushe kika yi mata ganin ƙarshe?"

"Jiya da hantsi. Daga nan na tafi gida duba Baba. Ban dawo ba sai yau."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofar. Lafiyarsa ƙalau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. A ciki, Lalla Baida na tsaye da mayafinta na dutse, wani siririn ƙarfe ya fito daga wuyanta inda kan yake zama. Ya shafa wuyan, ya dubi yatsansa. Wani farin gari ne mai laushi, ya murtsuke shi ya ji kamar fulawa.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Am Tijani mai gadi, da Nuruddin mai yi wa baƙi jagora."

An kawo Am Tijani daga ofishin ƙauye. Dattijo ne gajere, jar hularsa ta koɗe. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Am Tijani, jiya ka bar ƙofa?"

"Ko taku ɗaya, ɗana."

"Har lokacin Juma'a?"

"A rumfata na yi salla."

Sajan Rabah ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Am, tun ina yaro kake sahun gaba a masallacin Sidi Marzuk. Jiya ma ni ne a bayanka, har ka taka mini ƙafa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "To, na je. In na ce na bar ƙofa, aikina ya tafi. Amma wallahi ban taɓa ta ba. Ni da nake share mata ƙura da gashin tsuntsu?"

"Wa ya san kana tafiya Juma'a?"

"Kowa a nan ya sani. Ido kawai ake kawar mini."

"Da ka dawo ba ka leƙa ɗakin ba?"

"Na ja kwaɗon na ji shi a kulle. Me zai sa in leƙa?"

Sufeto ya ce a ba shi ruwa ya zauna a inuwa, amma bai sallame shi ba. Satar kayan tarihi ba ƙaramar tuhuma ba ce, kuma tsoho irin wannan in ya shiga kurkuku da wuya ya fito da ƙafarsa.

Sun sami Nuruddin a matakalan gidan wasan Rumawa, yana zaune yana ɓare ƙwayar kabewa. Mutum ne mai baki, yana jin harsuna da yawa, kuma duk yana zuba zance da su.

"Jiya? Ko kusa da ɗakin ban je ba, Si Sufeto. Wasu Jamusawa na zagaya da su wajen haikali."

"Jamusawa suna sa farar rigar amarya?" Sufeto ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan ƙyalƙyali ne irin na rigar biki, da ya tsinta a gindin mutum-mutumin.

Nuruddin ya tofar da ɓawon. "Kai, 'yan sanda! 'Yar ƙanwata ce. Ita da angonta suka nace sai sun yi hoto da Lalla Baida. Dakta ta hana hoto a ciki, shi ya sa na yi shiru. Ga shi ma a wayata."

A hoton, amarya ta hau kujera ta kwantar da kumatunta a kan kumatun Lalla Baida tana dariya. Kan yana nan daram, kuma an ɗauki hoton dab da azahar.

"Har ta taɓa ta?"

"Na yi mata faɗa. Ta ce, 'Kawu, ai ba ta da sanyi ma, kamar mutum.' Muka yi dariya muka fito, na kulle."

Sufeto ya mayar masa da wayar. Ya koma ɗakin shi kaɗai. Ya ɗora bayan hannunsa a kafaɗar Lalla Baida, ya ji sanyi kamar randa, duk da zafin da ake yi a waje. A kan wani teburi akwai kan wani sarkin Rumawa mai karyayyen hanci, girmansa kusan ɗaya da wanda ya ɓace. Ya sa hannu biyu ya gwada ɗagawa. Da ƙyar ya motsa shi, har bayansa ya amsa.

A wajen ƙofa, Halti Mabruka ta kafa teburinta na shayi a ƙarƙashin itacen ɓaure, kamar kullum. Ta zuba wa Sufeto mai na'a-na'a tun bai tambaya ba.

"Ku saki tsohon nan," ta ce. "Tijani ko zaitun ɗin da ya faɗo daga itacen maƙwabci ba ya ɗauka."

"Halti, da ya tafi masallaci jiya, wa ya shiga?"

"Ba kowa. Wa zai shigo a wannan rana? Kare ma ya nemi inuwa."

"Ba mota, ba baro, ba maza biyu ɗauke da kaya?"

"Na ce maka ba kowa. Sai Dakta, ita kuma ai gidanta ne."

Sufeto ya kurɓi shayinsa a hankali. "Dakta ta dawo?"

"Ta dawo mana. Ta shiga da kwandon cefanenta. Can na hango ta ta nufi gidan wankan Rumawa, kwandon a hannu ɗaya. Na ce a raina ganyen shayi za ta tsinko, yana fitowa sosai a can."

"Da ta fito fa?"

Tsohuwar ta ɗan yi tunani. "Ka ga kuwa, hannu rabbana ta fito. Na kira ta ta sha shayi, ba ta ko juyo ba."

A bayan gidan wankan akwai tsohuwar rijiyar da Rumawa suka gina don tara ruwan sama. Murfin ƙarfenta ya yi tsatsa, amma an ga sabon karce inda aka ja shi. Sajan Rabah ya aro tsani da igiya mai ƙugiya a wurin wani manomi, ya sauka yana gunaguni.

"Yallaɓai, a shekaruna! In na haɗu da aljanin Rumawa da wane yare zan gaishe shi?"

"Ka yi masa sallama kawai."

Ruwan bai wuce gwiwa ba. Jim kaɗan Sajan ya ɗaura wani abu, Sufeto ya jawo. Kwandon kaba ne, an ɗaure bakinsa, an sa dutse a ciki don ya nutse. Da suka kwance, sai ga fuskar Lalla Baida ta rabe biyu. Cikin kan rami ne, an cusa tsumma da waya. Sufeto ya danna gefen da farce, farcen ya shige.

"Filasta," in ji Sajan. "Irin ta adon silin. Yallaɓai, wa zai saci filasta?"

"Wanda ba ya son masana su taɓa ta."

Dakta Shadliya tana ofishinta, ta tsura wa taga ido. Sufeto ya shiga ya ajiye jiƙaƙƙen kwandon a kan teburinta. Ya ja kujera ya zauna.

"Kin ce ba ki dawo ba jiya."

Ta dubi kwandon. Ba ta yi gardama ba. Ta sa hannu ta juya rabin fuskar ta kife ta.

"Yaushe kika san ba ta gaske ba ce?"

"Makon jiya. Kan yana sama, babu mai taɓa shi sai da gashin tsuntsu. Na hau tsani zan auna wuyan don akwatin da za a sa ta, sai kan ya motsa a hannuna kamar tulun da ba ruwa." Ta ɗago ta dube shi. "Na tafi gida na tambayi Baba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fashe da kuka."

"Sayarwa ya yi?"

"A'a!" Muryarta ta tashi, sannan ta sauka. "Ka san zamanin da ake ciki a da, Si Munzir. Wani babba ya zo yawon buɗe ido da iyalinsa, matarsa ta ce kan ya burge ta. Washegari aka turo mota. Lokacin ba a cewa a'a. Baba yana da mu, muna ƙanana. Da hannunsa ya cire ya ba su. Wani abokinsa mai gyaran gumaka ya yi masa wannan, ya mutu bai gaya wa kowa ba."

"Babban fa?"

"Ya bar ƙasar tuntuni. Allah kaɗai ya san a falon wa take yanzu."

"Sai kika ga gara a ce jiya aka sace."

"In masana suka zo, a taɓawar farko za su gane. Za a ce Abdulhamid Riyahi ɓarawo ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cire ciyawa a tsakanin duwatsun nan da hannunsa. Ba ya ko iya tashi daga gado yanzu. Na ce in kan ya ɓace, a yi ta nema har a gaji, Baba ya mutu da sunansa."

"Am Tijani kuma ya mutu da wanne?"

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Na zaci ba za a sami hujja a kansa ba. Da suka tafi da shi da safe, na buɗe baki zan yi magana, maganar ta ƙi fita."

Sufeto ya dubi rabin fuskar da ta kife. Ya tuna Si Abdulhamid da sandarsa, yana nuna musu harufan da ke jikin duwatsu suna yara, yana cewa kada kowa ya taɓa komai. Bai ji haushinsa ba, bai kuma ji daɗin aikinsa ba a ranar.

"Dakta, dole ki biyo ni. Akwai rahoton ƙarya, akwai ɓoye shaida. Abin da mahaifinki ya faɗa kuma za a rubuta shi yadda ya faɗa, har da sunan wanda ya turo motar. Wataƙila ta nan a gano inda take."

"Za ku je wurinsa?"

"Ni zan je da kaina. Ba da kaki ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafinta, ta bi shi. Sajan Rabah ya ɗauki kwandon. Babu wanda ya yi maganar ankwa.

Am Tijani ya riga ya ji, don a Hanshir Dafla labari ba ya jiran mai kai shi. Da motar ta iso bakin ƙofa, shi ya tashi ya zare sakata. Dakta ta sauke gilashi.

"Am Tijani, ka yafe mini."

Tsohon ya dafa ƙofar motar, ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, a gabana kika koyi tafiya a kan duwatsun nan. Da kin gaya mini, ai da ni na jefa miki shi a rijiyar."

Sai a lokacin ta yi kuka.

Sajan Rabah ya dubi Sufeto. Sufeto ya dubi hanya.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Ja mu tafi."