Masu Zama da Masu Tafiya

Yadi kala biyu, ja da shuɗi, Ilham ta je nema a kasuwar Bab Makka ranar da ta fara ganin Hashim.

Malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata a Jidda. Ɗalibanta za su yi wasan kwaikwayo kan zamanin da mutanen Amurka suka rabu biyu, wasu na son ɓallewa daga mulkin Ingila, wasu na cewa ba za su juya wa sarkinsu baya ba. Hashim, mai shagon, yana auna yadi yana tambaya, har ta ba shi labarin yadda maƙwabta suka daina gaisawa, uba da ɗa suka raba hanya, da yadda bayan yaƙi da yawa daga masu biyayya ga sarki suka bar gidajensu suka koma Kanada.

Ya ajiye almakashi ya ce, "To, Ustaza, a wasan naku su wa ke da laifi?"

Ta ce yara dai mutanen sarki suke jin haushi. Ya ce wataƙila su ma suna son ƙasar, alkawari ne kawai ya yi musu nauyi.

Maganar ta bi ta har gida, ta sake rubuta rabin wasan. Ta koma shagon neman maɓalli, ta sake komawa neman zaren da ba ta buƙata. Daga baya ƙanwarsa, mai suna Bayan, ta karɓo masa lambarta, ya fara turo mata saƙo.

"Ustazata, yau yara sun yafe wa mutanen sarki?"

"Sun yafe, ya albi, zuciyata. Har kuka ɗaya ta yi."

A hankali ta gane abin da ke cinsa. Mahaifinsa, Kawu Muslim, ya tsufa a Jidda, ya kuma ce halas, ya isa haka, zai koma Azare ya ƙarasa kwanansa a gida. 'Ya'yan suka rabu. Babban wansu ya ce duk wanda ya zauna ya fifita baƙuwar ƙasa a kan uba. Shi kuwa Hashim a unguwar Madain Fahd ta nan Jidda aka haife shi, Azare a hoto ya san ta, amma bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba.

Da maganar soyayyarsu ta isa kunnen mahaifin Ilham, Malam Husaini, sai ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ƙafarsa ɗaya ke waje ba. Ga Rayan, ɗan amininsa, mai takardun ƙasa da aiki tsayayye, ya daɗe yana so. Ilham ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abuya, Rayan mutumin kirki ne, amma zuciyata ba ta wurinsa."

Ana haka ta ji a bakin Bayan cewa an yanki tikiti har da na Hashim. Ta daina ɗaukar wayarsa, ta daina bi ta Bab Makka. A aji tana karanta wa yara labarin waɗanda suka hau jirgi ba su dawo ba, sai ta ce su ci gaba da kansu.

Saƙonsa ya shigo: "Habibti, rakiya zan yi, na sabunta iƙamata, izinin zamana a nan. Ba zan bar Baba ya sauka shi kaɗai ba, ba kuma zan bar ki ba. Ki ba ni dama."

Ba ta amsa ba, amma ta karanta har ta haddace.

Ranar Juma'a bayan la'asar Kawu Muslim ya zo gidan su Ilham da sandarsa. Ilham tana bayan labule da butar shayi ta ji yana cewa shi ma ya bar nasa uban yana kuka lokacin da ya taho aikin hajji, bai kuma samu komawa ba sai labarin rasuwa.

"Ba zan sa yaron nan ya zaɓa tsakanina da rayuwarsa ba," in ji shi. "Na sake shi da hannuna, Malam Husaini. Na zo ka riƙe min shi."

Malam Husaini ya kira Ilham ya tambaye ta a gaban tsohon. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yarda, Abuya."

An ɗaura aure kafin tafiyar, don tsohon ya shaida da idonsa. Wan Hashim, da ya rantse ba zai zo ba, ya shigo a makare, ya tsaya bakin ƙofa, sannan ya ƙaraso ya rungume ƙaninsa. Kawu Muslim ya dafa kan Ilham ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, duk ƙasar da suka kira gida Allah ya sa ta karɓe su.

Kowa ya ce amin.