Ranar da Idirisu Ya Fasa Teku

"Ni dai tsoro nake ji..." in ji Lauratu, tana tsaye a bakin baƙin ƙyallen da ya lulluɓe akwatin ɗaukar hoto.

"Ba abin da zai same ki, Laure. Sa kanki ki duba kawai."

Ta waiga hagu da dama. Ba kowa a gindin dutsen sai awaki. Ta yi bisimilla ta cusa kai.

Ga duwatsun garinsu nan a jikin ɗan gilashi, amma a kife. Itatuwan dabinon Babanta sun rato daga sama, kawunansu a ƙasa, ganyensu na kaɗawa.

Ta fito da sauri tana dafe ƙirji.

"Malam Idi, ka juya duniya."

Ya yi dariya. "Haka akwatin yake gani. In na wanke gilashin na buga a takarda, komai zai miƙe. Launi ne kawai zai tafi, ya bar baƙi da fari."

A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Idirisu ɗan Aujara ne, ya bi fataken goro tun yana saurayi har Ikko, wato Legas, can ya zauna wurin wani mai ɗaukar hoto ya koyi aikin. Da ya dawo da akwatinsa mai ƙafa uku, sai ya sauka a Dutse. Ba ya ɗaukar mutum, ba ya ɗaukar dabba. Itatuwa da duwatsu kawai yake bi.

Ita kuwa bazawara ce. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan mahaifinta Malam Nata'ala a unguwar Limawa. A hanyar kai abinci gona suka fara gaisawa, gaisuwar ta riƙa tsawo.

Ran nan ya zaro wata takarda daga jakarsa ya miƙa mata.

"Mene ne wannan? Fili ne?"

"Teku ce. Ruwa ne duk, har inda ido ya ƙare."

Ta daɗe tana kallo. Baƙin ruwa, farar kumfa a bakinsa, wasu dogayen itatuwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa.

"Ka bar wannan ka dawo duwatsunmu?"

"Ban san me ya dawo da ni ba," ya ce a hankali, "sai da na gan ki, hasken idona."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ba ta ga Ɗanmusa ba, ɗan ƙanin Babanta, wanda ya daɗe yana nemanta tana ƙi. Yana tsaye bayan kuka, ya ga komai.

Magabatan Idirisu sun zo daga Aujara, Malam Nata'ala ya karɓe su da fara'a, ya ce su ba shi lokaci ya yi shawara.

Cikin wannan jira babban dabinon gidan ya fara bushewa daga sama. Kakan Malam Nata'ala ne ya dasa shi. Kuma dabinon nan ne Idirisu ya fi ɗaukar hotonsa, safe da yamma.

Magana ta bazu a Limawa. Akwatin baƙo yana shanye kurwar itace. Ɗanmusa ya ƙara da cewa da idonsa ya ga Lauratu da baƙon cikin ƙyalle ɗaya.

Ƙanwar Ɗanmusa ce ta ja ta gefe a bakin rijiya, tana raɗa, ta ce yayanta ya hau dabinon ya soke zuciyar itacen da wuƙa.

"Ki zo ki faɗa wa Baba."

"Ni? Ki rufa min asiri, Laure. Kashe ni zai yi."

Lauratu ta je ita kaɗai ta durƙusa a zaure.

"Baba, ba akwatin ba ne. Yaya Ɗanmusa ne ya..."

"Kin gani da idonki?"

"A'a, Baba."

"Wa ya gani?"

Ta ƙi ambatar ƙanwar Ɗanmusa. Hawaye ya sauko mata.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Ba mugu ba ne, ta sani. Shi ma dangi sun sa shi gaba.

"Ba zan tozarta ɗan ɗan'uwana a kan maganar da ba shaida ba. Shi kuma yaron, na ga hankalinsa. In yana son ki, ya fasa abin nan a gaban jama'a, ya rantse ba zai ƙara taɓa irinsa ba. In ba shi gona, in ba shi ke. In ya ƙi, ya bar garin."

Ta sami Idirisu da hantsi a ƙofar masaukinsa yana goge akwatin.

"Ka tafi, Malam Idi."

Ya ɗago. "Korata kike yi?"

"Ka ɗauki kayanka ka tafi. Na ga fuskarka in ka fito daga ƙyallen nan. Ba na so in zama wadda ta..."

"Laure."

"Za ka tsane ni wata rana."

"In na tafi, me zan ɗauka a can? Duk dutsen da na duba ke zan tuna."

"Ina roƙonka..."

"Masoyiyata, na riga na aika wa Baba amsa."

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar gidansu. Lauratu tana soro tana leƙe, Gwaggo Talatu, ƙanwar Babanta, ta riƙe mata hannu gam.

Idirisu ya shimfiɗa gilasan a ƙasa da kansa. Na kukoki, na giginya, na duwatsun Dutse bayan ruwan sama. Na teku ya ajiye a ƙarshe. Wani ya miƙa masa taɓarya.

Ƙarar farko ta sa ta zabura.

"Gwaggo, ki sake ni... ki ce ya bari..."

"Zauna, 'yar nan. Aurenki ake gyarawa."

Bai tsaya ba. Da ya zo kan na tekun, hannunsa ya ɗan dakata a sama, sannan ya sauke. Aka tara takardun aka cinna musu wuta, aka jefa akwatin a kai. Ya ɗora hannu ya yi rantsuwar. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ɗanmusa ya sulale tun kafin wutar ta mutu, don ba haka ya so ta ƙare ba.

Aka ɗaura aure kafin damina.

Idirisu ya riƙe ta da daraja. Bai taɓa yi mata gori ba, bai taɓa ɗauko zancen ba. Ya koyi noma, hannunsa ya yi kanta. Wannan shirun nasa ya fi komai ci mata rai.

Wata yamma da kaka, ta kai masa fura gona. Hadari ya taso ta gabas, baƙi ƙirin, rana kuma ta haske duwatsun fari fat. Ta hango shi ya yar da lauje. Ya matsa hagu kaɗan. Ya ja da baya. Ya ɗan rage tsawo, ido a kan dutsen, kamar mai neman wurin kafa wani abu.

Sai ya tuna da rantsuwarsa. Ya miƙe a hankali.

Ta ƙaraso ta ajiye ƙwaryar.

"Mu tafi Ikko, maigida. Ka nemi wani akwatin. Zan bi ka ko ina ne."

"Na rantse, Laure."

"Saboda ni..."

"Saboda ke. Kuma da za a sake, haka zan yi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san abin da ta gani yanzu a idonsa.

"Zo nan," ya ce, ya matsa mata. "Tsaya daidai inda nake. Duba can, kafin ya wuce."

Ta tsaya a sawunsa, kafaɗarta na taɓa tasa. Suka yi ta kallo har hadarin ya rufe ranar.