Baƙin Bayan Wuyana

"Ki bar gurzar wuyan nan haka, jini za ki fitar!" Yayata ta fizge soson daga hannuna.

Kuka na saka mata. Na daɗe ina fama da wani baƙi mai laushi a bayan wuyana, sabulu ya gaza, man shafawa ya gaza. Jiya kuma da Dogo, wanda zan aura, ya kai ni gaida Umma, mahaifiyarsa, mayafina ya zame. Umma ta kafe wuyan da ido, ta tashi ta shige ɗaki.

Ƙanwarsa, wadda da ma ƙawarta take wa kamun ƙafa a wajensa, har da dariya. "Amaryarmu ba ta shiri da ruwa ne?"

Da yamma Dogo ya zo. Na ƙi ɗaga kai.

"In ƙazanta Umma ta gani, ka faɗa min kawai, mu haƙura," na ce.

"Zuciyata... barci yana kwashe ki da zarar kin ci abinci?"

Na harare shi. Ina maganar aure, yana maganar barci!

"Amsa min. Yunwa ba ta saurin dawo miki? Kwaɗayin zaƙi fa?"

Na gyaɗa kai, duk haka ne. Siket ɗina ma duk sun matse ni a ƙugu.

"Haka wuyan Abba ya yi," ya ce. "Umma ta riƙa yi masa tsiya wai ba ya cuɗawa. Kafin a gane, ciwon suga ya yi nisa, har ya tafi da shi. Ba ƙyamarki ta yi ba, kuka ta shiga yi. Ta ce ba za ta iya kallona ina jinyar da ta yi ba."

Tsoro ya kama ni, tausayinta ya fi shi.

Tare da Dogo muka je asibiti. Bayan gwajin jini likita ta ce, "Ba ki kamu ba tukuna. Jikinki ne ya fara yi wa insulin taurin kai, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Ki gyara cimarki, ki riƙa tafiya kullum, akwai sauran dama."

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofarmu. Na buɗe da sauri, na zaci Dogo ne.

Umma ce, sanye da takalmin kambas sabo fil, idanunta jawur.

"A kan Abbansu na makara," ta ce. "A kanki ba zan makara ba. Ɗauko takalminki, 'yata, mu fara tafiyar."