Rigar Feshi

"Kar ki matso, Itzel! Tsaya nan bakin ƙofa!"

Cak ta tsaya, hannunta a kan tsohon cikinta. Chebo ne, mijinta, ya dawo daga feshin gonar inabi, yana tuɓe kayan aiki a filin da ke bayan gidansu.

"Haba Chebo... dodo na zama?"

"Ni ne dodon. Koma ciki."

Ta koma. Tortiya, gurasar masara, ta huce a faranti, wake ya sandare. Allah sarki Itzel, ga miji a gida amma kewa kamar ta kashe ta!

Da ba haka suke ba. Lokacin cikin Paloma, 'yarsu ta fari, rigar aikinsa take zurawa ta kwanta, don kawai ta ji ƙamshinsa. Ita ke wanke masa kayan da hannunta. Aka haifi Paloma da huji a zuciya, ko zama ba ta fara ba ta koma. Likita ta ce ba za ta rantse ba, amma maganin feshi yana bin tufafi har gado.

Shi ke nan Chebo ya yanke wa kansa hukunci. Tun da wannan cikin ya shiga, a gareji yake ci, a gareji yake kwana.

Yau kam tura ta kai bango. Ta ɗauko sabulu da tawul, ta fito ta kunna tiyon ban ruwa.

"Wanke hannunka."

"Na yi wanka, Itzel..."

"To me ya rage? Kullum kana wanka, kullum kana guduna! Ni ma fa na binne Paloma, ba kai kaɗai ba!"

Muryarsa ta karye. "Ni na kawo mata maganin nan gida."

"Ni kuma na saka rigar. Sai mu rabu ke nan?"

Ya karɓi sabulun, ya dirji hannu har fatar ta yi ja, ya sake dirza. Sannan ya miƙo mata hannun.

Ta kamo shi ta ɗora a cikinta. Shiru... can sai ɗan ya harba.

Chebo ya durƙushe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana kuka kamar yaro.

"Lafiyarsa ƙalau, rabin raina?"

"Ban sani ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Amma kar ka bar ni in jira amsar ni kaɗai."

Bai janye hannun ba.