Na Hau, Na Sauka

A gidan Inna Saratu da ke Anka ba a kai niƙa injin bakin layi, sai dai a daka a turmi. Da injin ya tashi za ka ga tsohuwa ta toshe kunne ta shige ɗaki. Ba ta da laifi. Irin wannan ƙarar ce ta cika ƙauyensu Dareta shekarar da ake niƙa dutsen zinari har cikin gidaje, gubar dalma ta kwashe mata jikoki biyu a mako guda, Khalifa da Fa'iza, 'ya'yan babbar ɗiyarta Bara'atu. Mijin ya ɗora wa Bara'atu laifin, ya sake ta, ita kuma ta bar gari. Kowa a unguwa ya san tana Gummi tana zaman kanta, amma in an gamu da Inna sai a ce, "Ya mai tuwon sayarwa?" Ita kuma ta ce, "Tana lahiya."

Ranar nan ƙanwar Bara'atu, Naja'atu, tana tankaɗe aka yi sallama. Saurayinta ne Hamza, mai gyaran waya a kasuwa. Ta same shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"Na yi magana da Baba," in ji shi. "Yac ce ba a kai goro gidanku sai Yaya Bara'atu ta dawo ta tuba."

"To ni mi niy yi mai, Hamza? Ni ta aka aure ko ita?"

"Yi haƙuri — wallahi zan san yadda niy yi!"

Hawaye suka zubo mata. Ta san halin mahaifinsa, Alhaji Sahabi, attajirin da ya yi arziki lokacin zinarin Dareta ya dawo yana dillancin hatsi. In ya ce a'a, to a'a ce. Da za su rabu ta miƙa wa Hamza wata waya a ƙunshe cikin leda, ta Bara'atu ce da ta aiko a gyara mata.

Al'adar masu gyara ce, kafin su yi wa waya fulashin, wato su goge ta tas, sai sun kwashe abin da ke cikinta sun zuba a kwamfuta. Wajen kwashewar Hamza ya ci karo da wani guruf a Wasaf, mata kusan arba'in, adimin ɗinsu wata Dija. Ba komai a ciki sai hotunan lambobin babura, da fuskokin maza da aka ɗauka a sace, da sunayen ƙauyuka. Ya taɓa saƙon murya guda, wata ta ce, "Na hau." Ya taɓa wani, "Na sauka." Sai muryar Dija mai kauri tana cewa, "Wance, har yanzu ba ki sauka ba?"

A makon nan rediyo bai da zance sai dokar hana safarar mutane, da kwamitin da ya zo daga birni. Hamza mutumin kirki ne, amma yana da ciwon nan na masu kirki, wato in ya ga rabin abu sai ya ƙarasa sauran da kansa. Saƙo uku kacal ya saurara ya yanke hukunci cewa Dija sayar da mata take yi. Ya ce a ransa in aka kama ta, Bara'atu ta kuɓuta ta dawo gida, Baba ya sauko, a sha biki. Bai gaya wa kowa ba ya kwashi hotunan ya kai wa kwamitin.

Kafin mako biyu an kama Dija, an ƙwace wayoyi, an rufe guruf. Aka kuma ja wa matan kunne cewa duk wadda ta sake tura wa wata hoton namiji ko lambarsa, kawaliya ce, doka za ta hau kanta. Kowacce ta goge abin da ta sani ta kama bakinta.

Hamza ya yi ta zuba ido, Bara'atu ba ta dawo ba. Sai dai ta kira Naja'atu da wata 'yar ƙaramar waya.

"Wani ɗan ba-ni-na-iya ya tsone muna ido, Naja. Guruf ɗin ga shi ka tsaronmu. Namiji ya zo ɗaukar ki, ki tura lambar babur nai, in ya taɓa cutar wata nan take a ce kar ki hau. In kin hau ki faɗi. Sa'a biyu ba ki ce kin sauka ba, Dija ta tada 'yan acaɓa a bi sawunki. Yanzu hwa a makance muke."

"Yaya, don Allah ki dawo gida!"

"In dawo Inna ta ci mi? Ke dai riƙe wayarki kusa. Ke za ni riƙa gaya wa."

Ranar Laraba da hantsi ta kira. "Na hau. Jan babur na, da shimfiɗar fatar rago. Wajen Bukkuyum za mu." Azahar ta yi, shiru. Naja'atu ta kira ta kira, ana ce mata wayar a kashe take.

Ana sallame la'asar wayar ta yi ƙara a kan turmi. Lambar Bara'atu ce.

"Yaya! Kina ina? Yaya!"

Babu wanda ya amsa. Wani gurnani ne kawai daga nesa, gir-gir-gir, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Inna ta karɓe wayar ta kara a kunne.

"Injin dutse na," ta ce. "Ko cikin kabari na san shi."

Kiran ya yanke. Suka bi lambar, a kashe. Washegari ana sallame la'asar ya sake shigowa, haka ma ran Juma'a. A rana ta ukun ne Naja'atu ta ji wani abu a ƙarƙashin gurnanin, caka-caka-caka, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Tsakar gidan ya yi tsit, har kajin suka daina tono.

"Khalifa ka wasa da irin wagga," in ji ta a hankali. "Ni niy yi mai ita da hannuna."

Tsoro ya kama Naja'atu, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tun daga ranar, da inuwar katanga ta kai bakin turmi sai ta kafa wa wayar ido, don ta san la'asar ta yi.

Ran Asabar Hamza ya kasa daurewa. A zauren nan ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Kai na? Kai na ɗan ba-ni-na-iyan?"

"Wallahi ceton ta nike so in yi! Don mu niy yi, Naja—"

"Ka tambaye ta? Ka tambaye ni? Baki gare ta, Hamza, ba akuya ba ta!" Ta zare zoben da ya ba ta ta ajiye a ƙasa. "In yayata ba ta sauka ba, ni ma ba ni taka gidanka har abada!"

Da ya koma gida Alhaji Sahabi ko a jikinsa. "Aikin lada kay yi," in ji shi. "Wadda tab bar gidan ubanta ta san abin da tat taka. Ga ɗiyar Malam Atiku nan, gidan mutunci."

Hamza ya tashi. Shago ya wuce, ya buɗe kwamfuta, ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, wato ya zauna ya saurari saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ya ji yadda aka bi sawun wata har wani gari aka ƙwato ta, ya ji yadda aka kai wata asibiti. Can ya ga hoton jan babur da fatar rago, a ƙarƙashinsa muryar Dija: "Makau na wanga. Kar wadda ta hau! Ramukkan zinari shika kai mata dajin Bukkuyum, wadda tash shiga ba ta fita." Wata biyar ke nan da saƙon. Da guruf na nan, da cikin minti guda wata ta tuna wa Bara'atu. Hamza ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka kamar mace.

Ran Lahadi ya sami Dija a Gummi, an ba da belinta. Ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe kai na. Shekara huɗu ban rasa mace ko guda ba. Mako uku da rufe mu, uku sun ɓace." Ta tofar da yawu gefe. "Na san ramukkan. Ba don kai za ni nuna ba, don ita."

Suka tafi wajen kwamitin tare. Jami'in da ya ji sunan Makau sai ya cire hula ya share zufa. Ashe shi suke nema tun zuwansu, ga shi kuma da hannunsu sun rufe bakin waɗanda suka san shi. Ya ce jami'ai akwai, amma motarsu ba ta shiga wannan dajin.

A-kori-kura mai ƙarfi guda Hamza ya sani, ta mahaifinsa. Ran Litinin ya roƙe shi abu ɗaya, ya zo zauren Inna Saratu a yi la'asar da shi. Alhaji ya zo yana cika yana batsewa. Ana sallamewa wayar ta yi ƙara, Naja'atu ta fito ta ajiye ta a gabansa. Gir-gir-gir. Caka-caka-caka. Daga bayan labule Inna ta ce, "Jikana na ka wasa, Alhaji. Bai kai shekara uku ba."

Carbin Alhaji ya suɓuce ya faɗi.

"Inji uku gare ni Dareta waccan shekara," ya ce. "Guda na bayan katangarku. Ni nig gina gidan bene, Bara'atu tar rufe ɗiya biyu, kuma ni na ka ƙyamar ta." Ya miƙa wa Hamza makulli. "A'a, kawo. Ni za ni tuƙa."

Ran Talata da rana tsaka suka isa ramukan, Dija na gaba tana nuna hanya. A wata bukkar kwano aka samu mata biyar a kulle, Makau na kwance a inuwa aka yi masa ƙawanya. Dab da la'asar motar ta tsaya a ƙofar gidan Inna. Bara'atu ta dafa ƙarfe ta sa ƙafa a ƙasa, ta rame, gashin girarta duk farar ƙurar dutse.

"Inna," ta ce, "na sauka."

Suka rungume juna su uku, kuka ya ɓarke har maƙwabta suka cika gidan. Da aka natsa Naja'atu ta ce, "Yaya, kin yi dabara. Ba don kiran ga naki na kullum la'asar ba..."

"Wane kira? Tun ran Laraba Makau yaj jefa wayata cikin rami mai ruwa, ina kallo."

Kowa ya dubi turmi. Wayar tana kai, inuwa ta rufe ta, ba ta sake yin ƙara ba. Inna ta ce, "Allah shi jiƙan Khalifa da Fa'iza," ta ɗauki buta.

Naja'atu ba ta karɓi zoben ba sai bayan wata uku, sai da ta ga Hamza ya je gaban kwamiti ya janye ƙararsa an sallami Dija. Alhaji Sahabi da kansa ya kai goro, ya kuma ba Bara'atu rumfa a kasuwa, yau dai da gaske tuwon take sayarwa. Amma cikin mata ukun da Dija ta lissafa, akwai guda da ba a gani ba har yau, kuma wannan nauyin Hamza zai mutu da shi.

Ni dai abin da na ɗauka a labarin nan ke nan, 'yan uwa. Haƙuri ya dawo wa Inna da ɗiyarta, ya ba Naja'atu mijinta. Amma kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ka ce za ka ceci mutum, tambaye shi da me yake tsare kansa, kada ka fizge shi ka bar shi hannu wofi. Mai laifi ma rai gare shi, kuma ba ka san hannun wa ya tura shi inda yake ba.

Har yanzu duk wanda ya yi tafiya daga gidan Hamza, ko da Alhaji ne, sai ya bugo ya ce ya sauka. In bai bugo ba, Naja'atu ba ta sa abinci a bakinta.